Yadda ake samun lasisin tuƙi da inshorar mota a Birtaniya, ga wanda ya taso daga Kano

Ana saura mako 2 ƙanwata ta tashi zuwa Birmingham inda ta samu aikin jinya, muna zaune a tsakar gida a Gwammaja bayan magariba, sai ta ce min: "Yaya, wai da gaske ne lasisina na nan zai yi min aiki a can?" Na ce mata zai yi, amma na wata 12 kacal. Ta ce ai shekara guda lokaci ne mai yawa. Nan na gyara zama, domin wannan tunanin ne ya jefa 'yan'uwanmu da dama cikin wahala. Na zauna a Birtaniya shekara 6, na ga mutanen da suka ƙware a tuƙi tun a Titin Zariya sun wayi gari ba su da ikon taɓa sitiyari, ga yara da za a kai makaranta, ga aikin dare, ga sanyi. Abin da na faɗa mata a daren nan shi na tattara a nan, na ƙara da abin da na manta ban faɗa ba. Bayanin ya shafi Ingila da Sikotland da Wales. Ireland ta Arewa tana da nata ofishin daban. Kuɗaɗen da na ambata kuwa a riƙa duba su a shafin gov.uk kafin a biya, domin gwamnati kan sauya su.

Abin da za ka gama tun kana Kano

Fara da ciro lasisinka daga aljihu ka tambayi kanka: ni da ƙafata na je aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, ko wani na ba kuɗi ya kawo min kati har gida? Idan wani ne ya kawo, je ofishin hukumar kiyaye haɗurra, wato FRSC, a duba maka ko lambar tana cikin kundinsu. Katin bogi a nan ma matsala ne, a can kuwa yana iya rusa inshorarka gaba ɗaya ranar da ka fi buƙatarta. Idan ya kusa ƙarewa ka sabunta shi tun yanzu, na shekara 3 ko na shekara 5, saboda lasisin da wa'adinsa ya wuce ba ya ba ka ikon tuƙi ko na kwana ɗaya a can.

Sai suna. Mu mutanen nan muna da sakaci da rubutun suna: a fasfo Muhammad, a lasisi Mohammed, a takardar makaranta kuma an sa sunan unguwa a ƙarshe. Ka tabbata suna da ranar haihuwa da ke lasisinka sun yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Tsofaffin katunan lasisi da suka ƙare ma kada ka yar, domin kamfanin inshora zai tambaye ka shekara nawa kana riƙe da lasisi, su ne shaidarka.

Idan kana da mota a nan kuma inshorarka ta gaskiya ce, je kamfanin ka nemi wasiƙa da Turanci a kan takardarsu mai tambari, wadda za ta nuna shekarun da ka yi ba ka nemi diyya ba. Ba kowane kamfani a Birtaniya ke karɓarta ba, amma akwai masu karɓa, kuma ragin da takan jawo ya fi wahalar zuwa karɓo ta.

A gwada maka ido, in akwai buƙatar tabarau a yanka maka a nan. Sharaɗin can shi ne ka iya karanta lambar mota daga nisan mita 20.

Wanda bai iya tuƙi ba sam, musamman mata da za su bi mazajensu, ina ba da shawara a shiga makarantar koyon tuƙi tun a Kano a koyi riƙe mota: kuloci, giya, birki, ribas. A nan kuɗin da za ka kashe a wata guda bai kai na darasi biyu ko uku a can ba. Ga magidanta kuma ina roƙo, ku bar iyalanku su koya. A can babu Adaidaita Sahu da za a tsayar a ƙofar gida, babu yaron maƙota da za a aika. Ranar da maigida yake wurin aiki yaro ya kwana da zazzaɓi, a ranar ake gane amfanin uwa mai lasisi.

Wata 12 ɗin nan

Dokar ita ce: wanda ya koma Birtaniya da zama, yana riƙe da cikakken lasisin ƙasarsa mai aiki, zai iya tuƙa ƙaramar mota har wata 12 daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar. Akwai ƙasashen da aka yarda 'yan ƙasarsu su miƙa lasisinsu a musanya musu da na Birtaniya ba tare da jarrabawa ba, irin su Afirka ta Kudu, Zimbabuwe, Kanada, Ostireliya da Japan. Najeriya ba ta cikinsu. Don haka ko shekara 30 ka yi kana tuƙa tirela daga Kano zuwa Legas, sai ka zauna jarrabawa kamar ɗan shekara 17.

Abu biyu mutanenmu ke ruɗin kansu da su. Na farko, wai idan ka zo gida hutun Sallah ka koma, lissafin ya faro daga farko. Ga mazaunin ƙasar ba haka ba ne, agogon yana tafiya tun daga ranar da ka fara zama. Na biyu, wai lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa yana ƙara wa'adi. Ba ya ƙara ko kwana ɗaya.

Ga kuma inda lissafin ke matsewa. Ba za ka zauna jarrabawar ba sai ka cika kwana 185 a ƙasar cikin wata 12 da suka gabaci ranar jarrabawar, wato kusan wata 6. Layin jarrabawar tuƙi kuma a manyan garuruwa yakan kai watanni. Idan ka haɗa waɗannan biyu za ka ga shekarar da ƙanwata ke gani da yawa ba ta da wani rara. Wanda ya bari sai wata na 10 ya fara motsi, ya riga ya makara.

Mataki na farko: lasisin ɗan koyo

Da zarar ka samu adireshin da wasiƙa za ta same ka, nemi lasisin wucin gadi daga DVLA, ofishin da ke Swansea mai kula da lasisi da rajistar motoci. Ta intanet fam 34 ne, ta gidan waya da fom ɗin D1 fam 43. Za a nemi shaidar ko kai wane ne, da shaidar izinin zamanka, wadda yanzu lamba ce da kake cirowa daga shafin bizarka ta intanet, da adireshin wuraren da ka zauna a shekara 3 da suka wuce. Ka shiga ta gov.uk kai tsaye. Akwai shafukan da ke kwaikwayon na gwamnati, su cika maka fom ɗin da za ka iya cikawa da kanka su caje ka ninki.

Karɓar wannan kati ba ya soke ikonka na tuƙi da lasisin Najeriya. Muddin wata 12 ba su cika ba, kana iya fita kai kaɗai. Ranar da suka cika ba ka ci jarrabawa ba, ka koma ɗan koyo sosai: sai ka liƙa jan harafin L gaba da bayan mota, sai da mai kula da kai a gefe wanda ya haura shekara 21 kuma ya riƙe cikakken lasisi na Birtaniya ko na ƙasashen Tarayyar Turai shekara 3. Abokinka mai lasisin Najeriya bai isa ya zauna maka ba. Babbar hanyar da suke sa wa lamba da harafin M kuwa ba ka hawanta sai da malamin tuƙi mai rajista a motar da ke da birki ta ɓangarensa.

Mataki na biyu: jarrabawar kwamfuta

Kuɗinta fam 23, hukumar DVSA mai kula da jarrabawar tuƙi ke shirya ta, kashi biyu ce a zama ɗaya. Kashin farko tambayoyi 50 a minti 57, ana son ka ci 43. Kashi na biyu gajerun bidiyo 14 ne, ana nuna maka hanya kamar kai ke tuƙi, ka danna da zarar ka hango haɗari na tasowa: yaro zai tsallaka, mota za ta fito daga lungu, mai keke zai kauce wa wani abu. Maki 75 ne, ana son 44. Wanda ya yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa don ya dace, kwamfutar tana ganewa ta ba shi sifili a wannan bidiyon. Dole ka ci kashi biyun tare.

Littafin dokokin hanya na ƙasar yana nan kyauta a gov.uk, akwai kuma manhajar DVSA ta waya mai tambayoyin gwaji. Mako 3 zuwa 4 na karatu kullum ya ishi mai himma. Direban Kano ba ya shan wahala a kashin bidiyo, domin wanda ya saba ratsa Kantin Kwari da yamma idonsa a buɗe yake. Inda ake faɗuwa shi ne alamomin hanya, tazarar tsayawa, da ma'auni, don su da mil suke lissafi. Cikin gari mil 30 ne a awa, kimanin kilomita 48, a Wales ma yawanci 20 ne tun 2023. Hanyar bayan gari mai hannu biyu ba shinge 60, tagwayen hanya da babbar hanya 70.

Tun 2014 aka daina yarda da tafinta, da Turanci ake yi ko yaren Wales. Idan Turancinka bai nuna ba, ka ƙara lokacin karatu, kuma kana iya sa abin kunne a karanto maka tambayoyin. Duk wanda ya ce zai turo wani ya zauna maka, ka guje shi. Laifi ne da ake ɗaure mutane a kansa, ga bizarka a tsakiya.

Takardar cin wannan jarrabawa shekara 2 take aiki. Ranar da ka ci, a ranar ka nemi gurbin jarrabawar tuƙi, kada ka jira sai ka ji ka shirya.

Mataki na uku: malami da jarrabawar hanya

A nan zan daɗe, domin nan ne girman kai ke kayar da mu. Ni kaina na faɗi a karon farko, ina da shekara 11 a kan sitiyari. Na iso shataletale, na hangi 'yar kafa tsakanin motoci biyu, na shige kamar yadda na saba. Ban taɓa kowa ba, amma motar da ke zuwa daga dama sai da ta rage gudu saboda ni. Wannan kaɗai ya isa. Ranar na koma gida raina a ɓace, na kuma gane cewa ba iya sarrafa mota suke aunawa ba, suna duba ko sauran masu amfani da hanya za su aminta da kai.

A Kano tuƙi ciniki ne: ka sa kan mota, ka yi hon, ka haɗa ido da ɗan Adaidaita, wani ya sassauta wani ya wuce. A can kowa ya ɗauka za ka bi ƙa'ida, don haka ba ya shirin kauce maka. Ga hannun hanya ya juya, a hagu ake tafiya, sitiyari a dama, irin yadda iyayenmu suka yi a nan kafin a sauya a 1972. A shataletale ana zagayawa ta hagu, wanda ke zuwa daga damanka shi ke da hanya, kuma tun kafin ka iso ya kamata ka shiga layin da ya dace da inda za ka fita. Madubi kafin sigina, sigina kafin motsi, kuma sai ka waiga ta kafaɗa kafin ka tashi daga gefen hanya. Mai tafiya a ƙafa da ke jiran tsallakawa a bakin kwanar da za ka shiga, tun gyaran dokar 2022 kai ne za ka tsaya masa. Mai keke a ba shi tazarar aƙalla mita 1.5. Hon ba gaisuwa ba ne, ba kuma faɗa ba ne, an ma hana danna shi a unguwa daga 11:30 na dare zuwa 7 na safe. Walƙa fitila don ka ce wa wani ya wuce ba ya cikin ƙa'ida, kada ka yi shi a jarrabawa.

Saboda haka ka ɗauki malami, ko da darasi 10 ne. Ka duba gilashin gaban motarsa: koren kati na ƙwararre ne mai rajista, ruwan hoda na wanda ke kan horo. Su kaɗai doka ta yarda su karɓi kuɗi don koyar da tuƙi. Ka faɗa masa gaskiya cewa ka daɗe kana tuƙi a ƙasar da ake bin dama, ka roƙe shi ya yi maka gwaji irin na ranar jarrabawa a hanyoyin da ke kewaye da cibiyar da ka zaɓa. Mace tana iya neman malama mace, suna da yawa, musamman a garuruwan da Musulmi ke da yawa kamar Birmingham da Bradford.

Ka yi tunani a kan irin motar da za ka yi jarrabawa da ita. Idan ka ci da otomatik, lasisinka na otomatik ne kawai. Idan ka ci da mai giyar hannu, kana iya tuƙa duka biyun. Wanda ya riga ya iya giyar hannu, ban ga dalilin da zai rage wa kansa ba, ga shi ƙananan tsofaffin motoci masu araha a can yawanci masu giyar hannu ne. Wanda kuma lokaci ya ƙure masa, otomatik ta fi saurin shiga hannu.

Kuɗin jarrabawar fam 62 ne a ranakun aiki, fam 75 da yamma ko ƙarshen mako. Kimanin minti 40 take ɗauka. Za a fara da karanta lambar mota, in ka kasa an gama ke nan. Sai tambayoyi 2 a kan lafiyar mota, ɗaya ka yi bayani kafin ku tashi, ɗaya ka nuna kana cikin tafiya, misali yadda ake wanke gilashi. Za a sa ka ribas iri ɗaya: fakin a bayan wata mota, ko shiga gurbin fakin, ko tsayawa a hannun dama ka ja da baya tsawon mota 2. Akwai kuma inda za a bar ka kana bin na'urar nuna hanya ko allunan hanya da kanka. Ɓatan hanya ba laifi ba ne in ka yi shi lafiya, don haka kada ka yanke layi da ƙarfi don ka gyara kuskure. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babba ɗaya tak ya kayar da kai. Tafiyar hawainiya ma kuskure ce: in hanya ta ba da 60 kana rarrafe a 35 ba dalili, za a rubuta maka. In ka faɗi sai bayan kwanakin aiki 10 za ka sake. Kusan rabin masu shiga ba sa ci, har da 'yan ƙasar, don haka faɗuwa ba abin kunya ba ce, ka karɓi takardar kurakuranka ka kai wa malaminka.

Sayen mota

Kafin ka ba da ko sisi, sa lambar motar a gov.uk ka ga tarihin gwajin lafiyarta na MOT, kyauta ne, zai nuna maka nisan da ta yi kowace shekara da abin da aka ce a gyara. Duk motar da ta wuce shekara 3 sai an yi mata wannan gwaji duk shekara. Ka ga takardar rajista V5C da idonka, sunan mai sayarwa da adireshinsa su dace, ya yago maka koren ɓangaren sabon mai mota. Harajin hanya ba ya bin mota, sai ka biya naka kafin ka motsa ta. In a Landan kake ko Birmingham ka duba ko motar ta cika sharaɗin hayaƙi, don tsohuwar mota mai dizal tana iya jawo maka fam 12.50 kullum a Landan, fam 8 a tsakiyar Birmingham.

Babban abu shi ne kada ka sayi mota sai ka fara tambayar kuɗin inshorarta. An kasa motoci rukuni 1 zuwa 50, ƙaramin inji yana ƙasa, manyan motocin da muke sha'awa suna sama. Na san wanda ya sayi katuwar mota don ya turo hoto gida, inshorar shekara ta zo ta fi kuɗin motar.

Inshora

A nan yawancinmu inshora takarda ce da ake haɗawa cikin takardun mota don a nuna wa 'yan KAROTA ko 'yan sanda. Ko da aka mayar da mafi ƙarancinta naira 15,000 a 2023, mai biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, da yawa ba su san ana iya zuwa a nemi diyyar ba. Mota ta gogi mota, a taru a ba da haƙuri, a je wurin mai gyaran jiki a raba kuɗi. Kuma motar gida kowa na ja, ƙane da ɗan'uwa da aboki.

A Birtaniya inshora tana kan mutum ne da motar da aka ambata. Idan sunanka ba ya cikin takardar, yawanci ba ka da inshora a wannan motar, ko ta matarka ce, ko ta yayanka uwa ɗaya uba ɗaya. Kyamarorin 'yan sanda suna karanta lambar mota su duba kundin inshora nan take. Wanda aka kama, tarar fam 300 da makin laifi 6 da ake rubutawa a lasisi, ana iya ɗauke motar, in ta kai kotu tarar ba ta da iyaka. Wanda ya ba da aron motar shi ma ya yi laifi. Ko ajiye mota ka yi ba ka hawa, sai dai ta kasance da inshora ko ka sanar da DVLA ta hanyar SORN cewa ka ɗauke ta daga kan titi.

Iri uku ce. Akwai mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai, ita ce mafi ƙarancin da doka ta wajabta. Akwai wadda ta ƙara da gobara da sata. Sai cikakkiya, mai gyara har da taka motar. Kada ka ɗauka ta farkon ce mafi araha, sau da yawa cikakkiyar ta fi sauƙi, don haka ka tambayi farashin duka. Shafukan kwatanta farashi irin su Compare the Market, Confused.com, GoCompare da MoneySuperMarket za su jero maka kamfanoni da yawa a lokaci guda. Ka gwada fiye da ɗaya, kuma ka nema tun ana saura kamar mako 3 ka fara, domin mai nema yau don gobe yakan ga farashi ya hau.

Fom ɗin zai tambaye ka irin lasisin da kake riƙe da shi, yaushe ka fara zama a ƙasar, aikinka, inda motar ke kwana, da mil nawa za ka yi a shekara. Kowace amsa ka ba da ta gaskiya. Shekarar farko farashin zai yi maka zafi, saboda ba su san ka ba. Daga nan ne shawarwarin banza ke fara zuwa: ka sa adireshin wani a ƙauye, ka ce an haife ka a can, ka sa sunan wani dattijo a matsayin babban direba kai kuma na biyu alhali kai ke hawa kullum. Duk wannan zamba ce a dokarsu. Ba a ranar saye ake tonawa ba, sai ranar da aka yi haɗari, kamfani ya bincika ya soke inshorar, ya bi ka bashin abin da ya biya wanda ka buge. Daga nan kuma duk fom ɗin da za ka cika sai ya tambaye ka ko an taɓa soke maka inshora.

Ka kula da abin da ka ce za ka yi da motar. Zirga-zirgar gida daban, zuwa wurin aiki ɗaya daban, yawo tsakanin wuraren aiki daban. 'Yan'uwanmu masu aikin kula da tsofaffi gida-gida, ku ne na ukun, dole ku faɗa. Mai kai abinci ko kaya don a biya shi kuwa inshorarsa ta musamman ce, ta gida ba ta rufe shi ko na minti ɗaya.

Sai 'yan damfara. Za ka ga talla a WhatsApp ko Facebook ko Instagram, wani lokaci da Hausa ma, daga wanda zai kira ka ɗan'uwa, ya ce zai samo maka inshora a rabin kuɗi. Ko dai ya ƙirƙiri takardar, ko ya saya da bayanan ƙarya, ko ya saya ya turo maka shaida sannan ya soke ya karɓe kuɗin. Kai ne za a kama a hanya, shi ya kashe waya. Araha ba ta ado. Duk dillalin inshora na gaskiya sunansa na cikin rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi da inshora, wadda kowa zai iya dubawa, kuma bayan ka saya da 'yan kwanaki ka sa lambar motarka a shafin askMID, na duba kundin inshorar motoci, ka tabbata ta fito.

Hanyoyin rage kuɗi na halal suna nan. Ƙaramar mota. Yarda a saka maka na'urar da ke auna yadda kake tuƙi, in kai mai natsuwa ne. Ƙara sunan wanda ya daɗe da lasisin ƙasar a matsayin direba na biyu, in da gaske yakan hau motar. Akwai kuma kason da kai za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya biya sauran in an yi ɓarna: in ka ɗaga shi farashi na sauka, amma kada ka ɗaga fiye da abin da za ka iya fitarwa rana tsaka. Biyan shekara gaba ɗaya ya fi biyan wata-wata, domin na wata-wata bashi ne da yawanci ake ɗora wa kuɗin ruwa. Ga Musulmi wannan ba maganar tsada kaɗai ba ce. Na ga 'yan'uwa suna yin adashi a tsakaninsu don kowa ya biya tasa a dunƙule, kuma na yaba da hakan ƙwarai. Wanda zuciyarsa ke da tambaya a kan hukuncin inshorar kanta, ya zauna da malaminsa na addini tun kafin ya tafi, ya bayyana masa cewa a can doka ce ta tilas ga duk mai mota.

In tsautsayi ya faɗa, ka tsaya, ka ba da sunanka da adireshinka da lambar mota, ka karɓi nasu, ka ɗauki hotuna. In ba a yi musayar bayanai a wurin ba, ka kai rahoto ga 'yan sanda cikin awa 24. Ka sanar da kamfaninka ko da ba ka da niyyar neman diyya.

Bayan ka ci

Mai jarrabawar zai karɓi katin koyonka ya ba ka takardar shaida, cikakken lasisi ya biyo ta gidan waya cikin kamar mako 3. Kana iya tuƙi tun daga ranar, amma ka kira kamfanin inshora ka faɗa musu lasisinka ya sauya kafin ka tayar da mota.

Shekara 2 na farko a kan siraɗi kake. Maki 6 a cikinsu sun isa a soke lasisin, ka koma ɗan koyo, ka sake jarrabawa biyun. Riƙe waya a hannu kana tuƙi, ko a danja kake tsaye, fam 200 ne da maki 6, wato kira ɗaya daga gida ya isa. Wuce ƙa'idar gudu aƙalla fam 100 da maki 3. Yara sai a kujerarsu ta musamman har su kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, babu ɗora jariri a cinya a gidan gaba. In ka sauya gida ka sanar da DVLA a gyara lasisi da V5C, kyauta ne, rashin yi kuma tararsa na iya kai fam 1,000, ga wasiƙun tara da za su yi ta zuwa tsohon gida suna ninkuwa ba ka sani ba.

Lasisinka na Najeriya kuma kada ka bari ya mutu, ka riƙa sabunta shi duk zuwan da ka yi. Ranar da ka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano bayan shekara ɗaya ko biyu, ka bar wanda ya zo tarbarka ya ja motar zuwa gida. Hannu yakan ɗauki kwana biyu kafin ya tuna cewa a nan dama ake bi, kuma wurin da aka fi mantawa shi ne fitowa daga gidan mai ko daga layin unguwa da sassafe, lokacin da babu wata mota a gaba da za ka bi bayanta.